Ƙaramin ton ɗin garba: wane kifi ne, yaya kuma ake kama shi da fatsa?

"Assalamu alaikum Baba. Ni masunci ne ɗan masunci, a tafkin Madarumfa muke su, in damina ta kawo ruwa kuma mu bi Gulbi. Yayana da ke sayar da garba, abincin nan na rogo da soyayyen kifi, a Abijan ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wasu mutane cikin ƙaramin jirgi suna jawo wani kifi mai suffar harsashi da sandar fatsa. A bayansa akwai zane kamar rubutun tsutsa, a gefen cikinsa kuma ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ya ce irin ton ɗin da suke soyawa ke nan. Ni a sanina ton ƙato ne, ya fi mutum nauyi. To wannan ɗansa ne ko iri ne daban? Yaya yake cin ƙugiya alhali ko tana ban ga sun sa ba? In an samo ƴaƴansa kuma, zai rayu a tafkinmu ko a kwamin kiwon kifi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarka uku ce a dunƙule: wane kifi ne, me ya sa yake kai wa ƙugiyar da ba tana cafka, kuma ko zai zauna a ruwanmu. Amsarsu duka a ƙusa ɗaya take rataye. Wannan kifi ba ya tsayawa. Tun yana ɗan mitsitsi har ranar da zai mutu gudu yake yi, dare da rana, kuma duk wata dabarar kama shi daga nan ta fito.

Hanyar da yayanka ya bi ita na bi. Ina saurayi na sauka Abijan, na fara da wankin kwano da yankan albasa a rumfar garba, har Allah ya ba ni tawa rumfar, kullum asuba ina tashar jiragen kamun kifi ina ciniki. Daga baya na shaƙu da masuntan Fanti, mutanen Gana, na riƙa bin su teku, sannan na yi aiki a wani ƙaramin jirgi mai inji da ke fita da masu fatsar sha'awa. Manyan jiragen taru dai a bakin tasha nake tarbar kayansu, ban yi aiki cikinsu ba. Saboda haka inda zan fi daɗewa shi ne kamun kwale-kwale da na sanda, wanda hannuna ya taɓa.

Ba ɗan babba ba ne, iyakar girmansa ke nan

Ton sunan dangi ne, kamar yadda gero da maiwa da dawa duk hatsi ne. Akwai ƙaton da ka ji labari, mai shuɗin baya, wanda ke wuce kilo 600. Akwai mai rawayar ƙaya da ke kusan kilo 200. Sai ƙanana, waɗanda su ne rufin asirin talaka a bakin teku. Wanda ka kwatanta shi masu Faransanci ke kira tonin, malaman kimiyya kuma suka sa masa Euthynnus alletteratus. Abin da aka saba kamawa daga kilo 1 ne zuwa 5, tsawonsa kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya yi girman ban mamaki shi ke wuce mita 1, ya kai kilo 16 da ɗoriya. Yana da wajen santimita 40 ya riga ya isa haihuwa, ka ga ba yaro ba ne.

Ƙananan nan uku ne ke yawan faɗawa kaskon garba, kuma mutane na gauraya su. In ka ga baƙaƙen layuka 4 zuwa 6 shimfiɗe a cikin kifin, daga ƙirji zuwa wutsiya, wannan listawo ne, shi ne mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin ton a duniya. In rubutun tsutsa ne a baya, ga kuma ɗigo 3 zuwa 7 ƙarƙashin fiffiken gefe kamar an dangwala yatsa a tawada, tonin ne, naka ke nan. Na ukun shi ne oksid, yana da irin wancan rubutun amma ba ɗigo. Ɗigon kan dusashe in kifi ya kwana cikin ƙanƙara, to sai ka dubi ƙayoyin baya guda biyu: na tonin kusan manne suke da juna, na oksid da fili mai faɗi a tsakaninsu.

Gidansa tekun Atlantika ne, ɓangaren ɗumi, ta gefenmu da ta gefen Amurka har Burazil, yana kuma cikin Bahar Rum. Ya fi jin daɗin ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 24 da 30. Abin da ya sa ƙaramin masunci ke samun rabonsa shi ne ba ya nisa da gaɓa kamar manyan danginsa.

Me ya sa ba a sa masa tana

Ka tuna karfasa cikin bokiti, yadda take tsaye wuri guda tana buɗe baki tana rufewa. Ruwa take turawa ta kumatunta, da haka take numfashi. Tonin bai iya wannan ba. Sai ya yi gudu baki buɗe, ruwa ya ratsa da kansa, sannan ya samu iska. Ba shi kuma da jakar iskar nan da kake gani in ka feɗe karfasa, wadda ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa, don haka in ya tsaya nitsewa zai yi. Allah ya ƙera shi don gudu kawai. Jikinsa sumul, ɓawo sai kaɗan a wajen ƙirji, ƙayar bayansa ta gaba tana kwanciya cikin wani tsagi ta ɓace, wutsiyarsa kuma tauri gare ta kamar lauje. Namansa ja ne wur, ya fi kama da na sa, saboda jinin da ke ciyar da wannan gudu. In ka feɗe wanda aka fiddo yanzu, ka sa yatsa kusa da ƙashin baya, za ka ji ɗumi ya ɗara na ruwan da ya fito ciki.

Mai irin wannan gudu ba ya ƙoshi. Garke-garke suke yawo suna farautar sardin da sauran ƙananan kifi masu ƙyalli, su haɗa da jatan lande. Tarwaɗa da gashin baki take laluben abinci a ƙasan taɓo, shi ya sa kake shimfiɗa mamari da maraice ka tafi gida, da safe ka zo ka ɗauka. Tonin da ido yake farauta. Abin da ya gilma a guje yana walƙiya shi ne abinci, ba shi da lokacin shinshinawa, domin in ya yi jinkiri ɗan'uwansa zai riga shi. Mu a tafki jiran kifi muke yi. Can kuwa bin sa ake yi, kuma ƙugiyar da ta tsaya cak ko kallonta ba ya yi.

Tsuntsu ake fara nema

Mukan fita ne bayan sallar asuba ta mashigar Biridi, hanyar ruwan da aka haƙa aka buɗe a 1950 ta haɗa tafkin Abijan da teku. Daga bakinta ba nisa akwai wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin teku da ake kira Ramin da Ba Ƙasa, shi ya sa ruwa mai zurfi ke kusa da gari. Da mun fita, ba mai kallon ruwa. Kowa sama yake duba.

Yadda balbela ke nuna maka inda shanu suke, haka fararen tsuntsayen teku ke nuna garken tonin. Su tonin suna taso ƙananan kifi daga ƙasa su matse su a saman ruwa, tsuntsaye kuma su far musu daga sama. Tsuntsun da ke tafiya miƙe can sama nema yake yi kamar kai. In sun taru suna kewaye wuri guda, kifi na ƙasa bai taso ba. In ka ga suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na tafasa kamar tukunyar talge, ƙananan kifi na watsuwa sama kamar an sheƙa hatsi, to an fara. Abin ba ya daɗewa. Wani lokaci kafin ka ƙirga 50 sun nitse, sai ka hango su can gaba sun ɓullo.

Kuskuren baƙo shi ne ya danna inji ya kutsa tsakiyarsu. Da jirgi ya ratsa garke, shi ke nan, sun nitse, sauran masunta kuma ba za su yafe maka da wuri ba. Ana duba inda suka dosa ne, galibi suna fuskantar iska ko igiyar ruwa, a zagaya nesa da su a tare gaba, a kashe inji, su iso da kansu. Safiya da la'asar sakaliya sun fi albarka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Kodebuwa da Gana, sardin ya yi yawa, duk wani mai cin sardin kuma ya biyo shi.

Ja, jifa, da zaren hannu

Hanya mafi sauƙi ita ce ja. A saki zare biyu ko huɗu bayan jirgi, tsawon mita 30 zuwa 50, jirgi na tafiya kamar gudun keke, kilomita 10 zuwa 12 a awa. A bakin zaren ƙugiya ce ɗaure da farin gashin kaza, ko wani ƙarfe mai suffar cokali da ke juyi yana walƙiya. Fanti ba sa sayen na kanti. Na ga an yanka farar leda siri-siri an ɗaure, na ga an tsefe igiyar buhu, na ga an fasa cokalin shayi an huda, duka kuma sun kama. Sharaɗin dai abin ya yi daidai da girman kifin da suke ci a ranar. In ɗan yatsa suke kora kai kuma ka jefa musu mai tsawon tafin hannu, sai ku wuni tare ba su taɓa ba. Saboda haka na farko da muka kama mukan matsa cikinsa mu ga abin da zai amayar. A sa ɗan ƙarfe mai juyawa tsakanin zare da cokali, in ba haka ba zaren zai murɗe ya zama ƙulli.

Abin da ka gani a bidiyo shi ne jifa. Sanda ce mai tsawon mita 2 da rabi ko kusa, da wani ƙarfen naɗe zare kamar kwarkwaron masaƙa, wanda ke ɗaukar zare mita 200 ko fi. A baki ana sa siririn ƙarfe mai ƙyalli, nauyin giram 20 zuwa 40. Ba a jefa shi tsakiyar garke. Gabansu ake jefawa, a wuce su kaɗan, a naɗo da iyakar saurin hannu har ƙarfen ya riƙa tsalle a saman ruwa. Duk saurinka ba ka tsere masa ba. Waɗanda na ga sun dawo hannu rabbana, yawancinsu a hankali suke naɗi kamar masu lallashin tarwaɗa. Idonsa kuma da kaifi, in ka sa waya kusa da ƙugiya zai gane ya kauce. Haƙoransa ƙanana ne ba sa yanke zare, don haka zaren roba garai-garai wanda ba a gani cikin ruwa ya isa.

Cinsa ba irin na karfasa ba ne da take taɓawa tana saki. Fizga ɗaya ce, sanda ta lanƙwashe, kwarkwaron ya kama kuka, zare mita 50 ko 100 ya fice kafin ka gyara tsayuwa. A nan ake asararsa. Mutum ya tsorata ya ɗaure birki, zare ya tsinke. Bar shi ya yi gudunsa na fari. In ya lafa, ka ɗaga sanda a hankali, ka sauke kana naɗewa, kada zare ya yi sako-sako ko sau ɗaya, domin yakan juyo ya nufo jirgi a guje, ƙugiya ta zame. In ya gaji sai ya koma kewaye ƙarƙashin jirgi, kana jin kaɗawar wutsiyarsa a tafin hannunka kamar kiɗan kalangu. A wutsiya ake kama shi, wurin siriri ne mai tauri, hannu na zama daram.

Zaren hannu shi ne na masu neman abinci, kuma shi ya fi haɗari. Fitata ta farko da Fanti, na naɗe zaren a yatsana manuni kamar yadda muke yi a Gulbi. Da kifin ya ɗauka, ban ji zafi ba sai da na ga jini na bin gwiwar hannuna, zaren ya shiga nama. Dattijon da ke riƙe da inji bai ce uffan ba. Ya zaro wuƙa ya yanko robar cikin tayar keke, ya sa mini a yatsa kamar zobe, ya nuna mini yadda ake barin zare ya bi ta kan robar a matse shi da babban yatsa. Ya kuma nuna mini ƙafata, wadda ke tsaye cikin tarin zaren da ke ƙasan jirgi. Tabon yana nan. Na kilo 4 ne ya yi mini haka, ka auna in babba ne ya ɗauka zare na naɗe a ƙafa.

Akwai kuma masu zuwa da sardin mai rai cikin ruwa, su riƙa watsa shi kaɗan-kaɗan don garke ya tsaya kusa da jirgi. Jiragen sanda na Tema ta Gana da Dakar ta Senegal da wannan suke aiki: a watsa kifi mai rai, a fesa ruwa, mutane su jeru da sanduna masu ƙugiya marar ƙaya suna wurgo kifi ta bayansu.

Amma kada ka ɗauka ton ɗin da yayanka ke soyawa da fatsa aka kamo shi. Mafi yawansa daga manyan jiragen da ke zagaye garke da taru yake. Kamfanonin gwangwani su zaɓi nasu, abin da ya yi ƙanƙanta, ko ya ƙuje, ko ba irin da suke so ba, a sayar a kasuwar gari da sunan ton na ƙarya. Cikin ruwan gishiri mai sanyi ake daskarar da shi a jirgi, shi ya sa kifin garba ke da gishirinsa tun kafin a taɓa shi. Da wannan kifi da aceke na rogo ƴan Nijar suka kafa sana'a a Abijan, har yawancin mutane ke cewa daga sunan nan namu na Garba abincin ya samo suna.

Jini da ƙanƙara

Nan ne na fi so ka buɗe kunne, kai da yayanka duka. Da an ɗora shi a jirgi, a yanka ƙarƙashin maƙogwaro ko bayan fiffiken gefe tun zuciya na bugawa, a tsoma kansa cikin bokitin ruwan teku jini ya tsiyaye, a cire hanji, a binne shi cikin ƙanƙara. Ba yankan shari'a ba ne, kifi ba ya bukatar wannan. Don nama ne. Wanda ba a zubar wa jini ba baƙi yake yi, ya yi ƙarni da ɗaci, shi ya sa wasu ke raina tonin. Wanda aka gyara, aka cire baƙin naman da ke bin tsakiyar gefensa, in an soya ko an ƙyafe ba ka ce shi ba ne.

Abin da ya fi ɗaci muni shi ne dafi. Duk dangin ton in suka jima cikin zafi, ƙwayoyin cuta na juya wani sinadarin namansu ya zama abin da likitoci ke kira histamin. In ya riga ya samu, suya ba ta kashe shi, ƙyafewa ba ta kashe shi, mayar da kifin firigo ma ba ya cire shi. Sau da yawa kuma kifin ba ya wari. Na taɓa sayen kaya da araha hannun wani dillali, kifin da ya narke aka sake daskarar da shi, ban bincika ba. Kafin azahar mutum uku sun dawo rumfata. Ɗaya ɗan makaranta ne, fuskarsa da wuyansa sun yi ja sun kumbura, yana susa yana cewa kansa zai tsage, leɓensa na zugi kamar ya tauna barkono. Na rufe rumfa na kai shi likita, sauran kifin na zubar. Allah ya taƙaita, zuwa dare ya warware, amma tun daga ranar ba na sayen ton sai na danna shi da yatsa na ji shi kamar dutse, na kuma duba ko kwalin ya taɓa jiƙewa ya bushe.

Wannan ya shafe mu a nan fiye da su can. Tsakaninmu da teku ya fi kilomita 800, kifi na kwanaki a mota, ga zafin Afirilu da Mayu, ga kuran da ke ɗaukewa. Duk wanda ya ci kifin teku, cikin ƴan mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu ya ga jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai, bugun zuciya ko zawo, ya daina ci, a ajiye sauran kada wani ya ci. In numfashi ya fara wuya ko maƙogwaro ya kumbura, a ruga likita, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Maganar magani ta ma'aikatan lafiya ce, ni tawa ta tsaya a kan kifin.

Maganar Madarumfa

Ba zai rayu ba, ɗana, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai kawo maka iri. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, jikinsa kuma a kan haka aka gina shi, in ka sa shi a ruwan daɗi ba zai wuni ba. Ko ka zuba gishiri a kwami, ina filin gudu? Bango zai yi ta karo har ya mutu. Ga sanyin hunturu, ga ruwan tafki da ke ja baya ya yi kauri da rani, shi kuwa ruwa garai mai yawan iska yake so. Ƙwansa ma a saman teku yake yawo. Inda ake kiwon danginsa, irin su Japan da Ostareliya da ƙasashen Bahar Rum, cikin tekun ake kafa manyan keji, ana ciyar da su kilo da yawa na wani kifin kafin su ƙara kilo guda. Kwaminka na tarwaɗa ne da karfasa, su ke jure ruwanmu, su kuma kasuwar Maraɗi ta sani.

Abin da za ka iya ɗauka shi ne dabarar ƙarfe mai ƙyalli. Giwan ruwa da tsage su ma da ido suke farauta, suna kuma cin cokali. In tafiya ta kai ka kogin Kwara wajen Gaya, ko wani ruwa mai zurfi da ke da su, gwada da sassafe a bakin duwatsu da inda ruwa ke juyawa. Giwan ruwa a ja masa a hankali kusa da ƙasa, tsage da sauri, shi kuma dole a sa masa waya don haƙoransa na datse zare.

In kuma ka kai wa yayanka ziyara kana son ka ga abin da idonka, kada ka ce kai ɗan ruwa ne ka shiga kowane jirgi. Iyon tafki daban, na teku daban, bakin Biridi kuma akwai igiyar ruwa mai ƙarfi. Ka bi wanda ya san wurin, ka sa rigar ceto, ka ci abu kaɗan marar mai saboda amai, ka tafi da robar yatsarka a aljihu. Fitar farko ka roƙi a ba ka aikin duban tsuntsaye.